Ba Kare Ba Ne: Jinyar Mahaifina Malam Sabo

An yi sadakar arba'in ɗin Baba, baƙi sun watse, amma har yau duk wadda ta zo mini gaisuwa sai ta sassauta murya ta tambaye ni wai da gaske ne iskoki suka taɓa shi. Na gaji da ba da amsa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru tun daga tushe, har da nawa laifin a ciki, ko Allah zai sa wani ya karanta ya tsira daga abin da mu ba mu tsira ba.

Sunana Uwani. Ina koyarwa a firamare a Gaya, can nake aure. Mahaifina Malam Sabo manomi ne a Toranke, amma ba da noma aka san shi ba, da jinyar dabbobi aka san shi. Akuyar da babur ya karya wa ƙafa, jakin da kaya suka cinye wa baya, ɗan tunkiyar da uwarsa ta ƙi, duk gidanmu ake kawowa. Wasu in sun warke masu su su zo su ɗauka. Wasu kuwa ba a sake waiwayarsu, sai Baba ya nemi mai amana ya ba shi kyauta, bayan ya yi masa tambayoyi kamar mai ba da auren 'ya. Bai tsaya kan dabbobin gida ba. Na tashi na tarar da shamuwa mai karyayyen fiffike tana taƙama a tsakar gidanmu, an yi bushiya, an yi kunkuru. Kangon da ke jikin gidan, inda yake ɗaure su tare da shanun huɗarsa biyu, mutanen gari suna ce masa asibitin Sabo. Inna, mahaifiyata, takan ce ita ce nas ɗin da ba a taɓa biya albashi ba.

A ƙarshen bazarar bana ina gida hutun makaranta, Baba ya dawo daga sharar gona da hantsi rungume da wani abu a rigarsa. Yanyawa ce, 'yar dabbar dajin nan mai manyan kunnuwa da ke satar kaji. Ya ce a tsakiyar gona ya gan ta cikin rana tana jan ƙafafun baya, kuma da ta gan shi, maimakon ta gudu sai ta nufo shi.

Inna ta ajiye tankaɗen da take yi ta ce, "Malam, yanyawa da rana tsaka? Kuma ta tsaya ka kama ta da hannu? Banza fa ba ta kai zomo kasuwa."

Baba ya yi dariya ya ce, "Wahala ce ta kawo ta. Ita ma ta ji labarin asibitin ne."

Ya lalube ta tun daga wuya har jela bai sami karaya ba. Ya kifa mata kwando kusa da turken shanu. Da ya zo ɗura mata madara sai ta cafke shi a gindin babban yatsansa na dama. Cizon bai kai ya kawo ba, 'yan huji biyu ne kamar na ƙaya. Ya tsotse jinin ya tofar, ya ci gaba da abin da yake yi. Washegari aka tarar ta ture kwandon tana tsakanin ƙafafun shanu, Jatau, jan san da Baba ya fi so, yana lasar wani ɗan ƙwarzane a hancinsa. A kwana na uku ta mutu, Baba ya haƙa rami a bayan kango ya binne ta, yana ta jimamin bai gano ciwonta ba.

Yatsan ya ɗan kumbura, na matsa masa lallai sai mun je an duba. Muka tafi wani ƙaramin asibiti, muka bi layi a bayan mata masu goyo tun safe har rana ta take. Da aka zo kanmu, ma'aikacin ya gaji, ko kai bai ɗaga sosai ba. Ya dubi yatsan ya ce, "Cizo ne wannan. Kare ne?"

Ni na amsa. Ni mai bokon gidan, wadda aka tafi da ita don ta iya magana da ma'aikata. Har da ɗan jin haushi na ce, "A'a, ba kare ba ne. Mu ba ma kiwon kare. Wata 'yar dabba ce da yake jinya."

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Da kare ne da sai na tura ku allurar haukan kare." Ya yi wa Baba allurar tsatsa, wato ta tetanus, ya ba shi ƙwayoyi, ya kira na gaba.

Ban yi ƙarya ba, shi ma bai ƙi aikinsa ba. Ya yi tambaya ɗaya, na ba da amsa ɗaya, kowa ya gamsu. A hanyar dawowa Baba ya sayi mangwaro cike da leda yana tsokanata wai na ɓata masa yinin aiki a kan cizon da ko sauro ya fi shi. Cikin mako guda wurin ya warke sumul, na koma Gaya na manta.

A mako na biyar ruwan farko ya sauka, kowa ya fito da garmarsa. Inna ta kira ni a waya ta ce Jatau kwana biyu ke nan bai ci ba bai sha ba, Baba kuma ya tare a kango ko abinci sai an kai masa can. Ranar Juma'a da aka tashi daga makaranta na hau mota.

Tun daga bakin gari na jiyo kukan san. Ba kukan da na sani ba ne, wani dogon kuka ne a dishe, ya yi ya huta ya sake. Na same shi tsaye ya miƙe wuya, baki a buɗe, yawu yana dalala har ƙasa. In an kawo masa bokiti sai ya tsoma baki ya fizge kai, ruwan ya zubo ta gefe. Baffa Iro, ƙanen Baba, ya ce ai wannan ba sai an faɗa ba, ƙwallon mangwaro ne ya maƙale masa a maƙogwaro, ga su nan zube ko'ina a gari. Haka kowa ya gani, haka ni ma na gani. Aka kama ƙahonin, Baba ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin bakin san har gwiwar hannu yana lalube. Bai taɓo komai ba. Baffa ya ce hannunsa ya fi tsawo, shi ma ya zura nasa, hannun da kaftu ya gama farfasawa. Shi ma ya fito da yawu kawai.

A gindin darbejiyar ƙofar gida mahaucin garinmu yana zaune tun azahar. Gaisuwa kawai ya zo yi, in ji shi. Baffa ya ja Baba gefe ya ce, "Yaya, a sa masa wuƙa tun yana halal. In ya kwana ya zama mushe, an yi biyu babu."

Baba ya ce, "Iro, ban taɓa yanka majinyacina ba."

Taurin kan nan nasa da muka sha yin mita a kai, ranar shi ya hana a rarraba naman nan gida-gida. Ni kuma na kira wani likitan dabbobi da na sani a Gaya, Malam Ɗanlami, wanda 'yarsa take ajina.

Da safe ya iso a kan babur da akwatinsa. Ya shigo kango da fara'a yana gaisawa, sai Jatau ya yi kukan nan. Fara'ar ta ɗauke. Bai ƙarasa wurin san ba, ya tsaya daga nesa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce kowa ya ja baya. Ya tambaya ko kare ya ciji san nan a 'yan makonnin nan. Muka haɗa baki muka ce a'a. Amma shi bai tsaya nan ba.

"Dila fa? Kyanwa? Yanyawa? Wani naman daji bai shigo garken nan ba?"

Inna ce daga bakin ƙofa ta ce, "Akwai yanyawar Malam."

Ya saurari labarin har ƙarshe. Ya ce, "Baba, naman dajin da bai guje ka ba, kai ka guje shi. Ba sabo ba ne, ciwo ne ya cire masa tsoro. Abin da ke jikin san nan shi ake kira haukan kare. Wa ya sa masa hannu a baki?"

Baffa ya ce, "Haukan kare a jikin sa? Likita, sa ne fa."

"Sunan ne yake cutar mutane, Baffa. Kare ya fi yawo da shi, shi ya sa aka laƙa masa. Amma duk dabbar da ke shayar da 'ya'yanta tana ɗauka, kuma a yawu yake tafiya. Yanyawar ta ciji wani?"

Baba ya ɗaga babban yatsansa yana murmushi ya ce ai tuni ya warke. Malam Ɗanlami ya tambayi kwana nawa, na ce sati biyar. Ya dube ni, na gane yana ƙoƙarin kada fuskarsa ta faɗi abin da ke ransa. Ya ce, "Malama, yau za ku tafi Kano, ba gobe ba. Su biyun."

Shi ya kashe Jatau da allura, Baba ya juya baya yana kallon katanga. Aka haƙa rami mai zurfi aka binne. Mahauci ya tashi ya karkaɗe riga, ina ji yana cewa 'yan boko sun binne dukiya da ranta. Har yau akwai masu ganin asara muka yi don tsoron banza.

Inna ta ba da tunkiyarta aka sayar, muka shiga motar Kano daga Ajingi, ni da Baba da Baffa. A motar ne na lura Baba yana sosa gindin yatsan nan. Ya sosa da farce, ya goga a gwiwa, ya sake sosawa. Babu ƙurji, babu kumburi, ko tabon da ƙyar ake gani. Na ce, "Baba, me ya same shi?" Ya ce, "Ba komai, Uwata, kamar tururuwa ce ke yawo a ciki." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Asibitin farko suka ce allurar ta ƙare. A na biyu muka yanki kati muka zauna a benci har la'asar. Likitar da ta gan mu mace ce, mai sanyin magana. Ta duba hannun Baffa ta rubuta. Ta juyo kan Baba ta ga yana sosawa, ta ce, "Baba, tun yaushe yake ƙaiƙayi?" Ya ce kwana uku. Ta ajiye biro. Aka yi musu allurar su biyu, aka faɗa mana ranakun da za a dawo, amma da za mu fita ta ce in tsaya. Maganarta tana nan a kunnena: "Allurar nan tsere take yi da cutar. In ta riga ta, an tsira. In cutar ta riga kaiwa kai, babu abin da muke da shi a nan ko a wani wuri." Na ce to Baba fa? Ta ce mu yi ta addu'a, kuma in na ga ya fara ƙin ruwa in dawo da shi nan take.

Ban gaya wa Inna ba. Na ɗauki hutu a makaranta na tare a Toranke, aikina kawai kallon Baba yana shan ruwa. Duk moɗar da ya kai baki sai na bi maƙogwaronsa da ido. Har ya gane, ya ce, "Uwata, ko randar taki ce?" Kwana biyu yana sha lafiya, sai zazzaɓi da ciwon kafaɗa, sai rashin sukuni, ya zauna ya tashi, ya shiga kango ya fito. Na ce a raina zazzaɓin damina ne, kowa ma yana yi.

Ranar Laraba aka kira azahar, na cika masa buta na ajiye a inda ya saba tsugunawa. Ya wanke hannu. Ya kamfato ruwa zai kurkure baki, sai wuyansa ya shaƙe, ya yi baya kamar an hankaɗe shi, butar ta kife. Ya zauna yana haki, idanunsa a waje. Ya sake gwadawa, abin ya fi na farko. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin ƙasa, sannan ya ce a hankali, "Uwata, share mini wuri mai tsabta. Taimama zan yi." Mutumin da ban taɓa ganinsa babu alwala ba, ga randa cike a gabansa, ya buga tafinsa a ƙasa ya shafa fuska. Na shiga ɗaki na toshe bakina da zane don kada ya ji ni.

Kafin in sami mota dangi sun cika gida, kowa da likitancinsa. Gwaggo, yayar Baba, ta ce dama ita ta san wannan ba yanyawa ba ce, dabbar mutanen ɓoye ce ya ɗauko, su ne suka zo karɓar fansa. Wani ya ce a yi hayaƙi, wani ya ce a kai shi wurin mai ruƙiyya, wani ya ce allurar Kano ce ta tayar da ciwon. Na yi faɗa ranar, faɗan da har yau wasu ba sa amsa gaisuwata da kyau. Amma da limaminmu ya aiko da rubutu a ƙoƙo ban hana ba, Baba da kansa ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Yana so ya sha. Na ga yadda yake so. Ya rufe ido ya yi bisimilla ya kawo ƙoƙon kusa da leɓe, jikinsa ya ƙi. Sau uku. Ya miƙa wa Inna ya ce, "Riƙe, kada sunan Allah ya zube a ƙasa," hawaye suna bin gemunsa.

Muna jiran motar hadari ya haɗo. Iskar da ta fara kaɗawa ma in ta taɓa fuskarsa sai ya zabura. Da ruwan ya sauka a kan kwanon ɗaki, Baba ya dunƙule a lungu ya toshe kunnuwa yana cewa a ce ya tsaya. Manomi ne, duk shekara shi ke fara fita tsakar gida ya ɗaga hannu in an yi ruwa. Direban da ya ɗauke mu, Allah ya saka masa, ya rufe gilasai duka ya lulluɓe na gefen Baba da darduma, haka muka tafi har Kano.

Aka ba shi ɗaki shi kaɗai. Aka ce duk mai shiga ya sa safar hannu ya rufe baki da hanci, ni da Inna ma aka fara yi mana allurar. Da za a yi masa ƙarin ruwa, wata nas ta naɗe jakar da tsumma don kada ya gani. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba bai haukace ba, duk da sunan cutar. Abin yakan taso masa ya yi ta fizge-fizge, in ya lafa sai ya dawo Babana sak, ya tambayi wa ke ba jakin nan mai gyambo dusa. A irin wannan lafawar ce ya kwance rawaninsa ya miƙo mini.

"Uwata, ɗaure mini hannuwa a jikin gadon nan. Ɗazu na ga na kusa kai wa Innarki."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Dabba nawa na ɗaure don in yi mata magani? Ba ƙiyayya ba ce. Ɗaure." Na ɗaure mahaifina da rawaninsa, yana gaya mini inda zan sassauta.

Kwana huɗu ya yi a ɗakin. Leɓunansa suka bushe suka tsage. Ko auduga mai laima ba ya iya jurewa. Ranar Lahadi bayan la'asar jikinsa ya saki, Inna tana laƙƙana masa kalmar shahada daga bakin gado, ya cika. An saba ɗiga wa mai barin duniya ruwa a baki. Mu ba mu sami yi masa ko wannan ba.

Baffa Iro ya gama alluransa cif, don na ce ko a kafaɗa zan ɗauke shi in kai shi, kuma yana nan lafiya yana noma. Malam Ɗanlami ya yi ta zirga-zirga yana duba sauran dabbobin kango, bai karɓi ko kuɗin mai ba, daga baya ya taya mu samar musu masu riƙo. Na gode masa, na gode wa likitar da ta gaya mini gaskiya. Amma ina da ƙorafi, kuma ba zan haɗiye shi ba. A duk yankinmu babu inda mutum zai kai dabbar dajin da ya tsinta da rauni, sai gidan mai tausayi irin Baba, da hannunsa tsirara. Kuma shekara nawa ina koyar da yara tsabta da kiwon lafiya, ba wanda ya taɓa gaya mini cewa haukan kare ba na kare kaɗai ba ne. Don haka ku ji daga bakina. Duk dabbar da ta cije ku ko ta yaƙushe ku, ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ku tafi asibiti a ranar, ku faɗi sunan dabbar ko ba a tambaye ku ba. Sa ko akuyar da ke dalalar da yawu, kada ku zura mata hannu a baki, ku kira likitan dabbobi.

Ranar da muka kawo Baba gida, Baffa ne ya yi masa wanka, sanye da safar hannun da asibiti suka ba mu. Ni na ɗebo ruwan da kaina na ajiye a ƙofar ɗaki, na koma cikin mata na zauna. Ina jin ƙarar zubarsa, duk moɗa ɗaya sai gabana ya faɗi, jikina yana jiran in ji ya zabura. Da aka gama Baffa ya fito, bai nufi wurin maza ba, ya zo ya tsuguna a gabana, rigarsa jiƙe.

Ya ce, "Uwani, ya karɓi ruwan. Na zuba masa har sau uku, na jiƙa masa leɓe. Ko motsi bai yi ba."

Allah ya shayar da kai daga Alkausara, Baba.